Alluran da Ba Sa Son Numfashi

A Tsiga, duk wanda ya san Adawiyya tun tana ƙarama zai gaya maka ƙafarta ƙaiƙayi take yi. Kafin a gama faɗa mata saƙo ta kai zaure. Ranar tsinkar auduga a gonar babanta kuwa, ita ce ta farko a ƙarshen kunya, rabin audugar na nan a baya ba ta cire ba. Bakinta ma haka, magana ba ta kwana a cikinsa. Mahaifiyarta, Inna Hansai, kan ce, "Wannan ɗiya ko ɗaure ta aka yi, da turken za ta tafi."

Sai ga shi Allah ya haɗa ta da aikin da ba ya son ko motsin gira. A digirinta na biyu tana binciken yadda zaren audugar yankinsu ke kama rini idan ya jiƙa. Na'urar da ake aikin da ita ba gani take ba, lalube take, kamar makaho da sandarsa. Sandar tata wata 'yar allura ce da ido ba ya ganin tsininta. Cikin ruwa ake tsoma ta, ta bi jikin zaren tana shafawa, kwamfuta na zana abin da ta taɓo. In maiƙon yatsa ko tururin baki ya hau tsinin, sai ya riƙa mannewa, hoton ya fito ƙarya.

Babu irin na'urar a jami'arsu. Sai da Adawiyya ta addabi kowa da waya kafin wata jami'a a Kudu ta ba ta mako guda, shi ma albarkacin mai kula da na'urar, Malama Silifat, Bayarbiya haifaffiyar Funtua. Ita ce ta gargaɗe ta cewa fitilar da suke tsabtace allura da ita ta lalace, ta zo da alluranta a wanke. In makon ya wuce sai baɗi, kuma ba hotuna, ba digiri.

Adawiyya ta rufe hanci da baki, ta ɗauki alluran da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, ta wanke a sinadari, ta ɗauraye da tataccen ruwa, ta gasa su ƙarƙashin fitilar da ke ƙone datti. Ta jera su a wani ɗan akwati kamar gidan ashana, ta naɗe da salatif.

Ta biyo ta Tsiga don sallama, amma ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta leƙa jaka, ta fito, ta koma ta sake leƙawa.

"Wai mi ke cikin jakar nan?" in ji Inna.

"Digirina ne gaba ɗaya a ciki, Inna."

Da safe ta zaga maƙwabta a tsaitsaye, ta dawo ta suri jaka ta nufi tashar Funtua.

A Kudu, allura ta farko ta manne wa zaren, hoton ya fito duk zane-zane. Ta biyu ma haka. Adawiyya ta canja ruwa, ta canja zare, tana safa da marwa tsakanin na'ura da taga, har makon ya kusa ƙarewa. Malama Silifat ta sa sauran alluran a gilashin ƙara girma, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Adawiyya, wani ya buɗe akwatin nan."

Adawiyya tana cikin rantsuwa cewa ba wanda ya buɗe shi, wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"Adawi, ya aikin? Ai na san zai yi kyau. Da kika fita sallama na buɗe ɗan akwatin naki, na karanta Ƙulhuwallahu na tofa ma kowace ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Na maida maki naɗin yadda kika yi."

Magana ta taso wa Adawiyya har maƙogwaro, mai zafi. Sai ta tuna idon Inna da ba ya iya zura zare a allurar ɗinki. Lalle sai da tsohuwar ta fito bakin ƙofa wajen haske, ta sunkuya, kafin ta iya gano su. Tausayi ya kama ta, ga takaici.

"Kina ji na kuwa?"

"Ina ji, Inna. Allah ya saka da alheri."

"Amin. To yaushe za ki gama?"

"Baɗi, in sha Allahu."

Ta kashe wayar ta zauna. Malama Silifat ta ce tun zuwanta, ranar ta fara ganin ta a kan kujera.

Da shekara ta zagayo aka sake ba ta mako, ta kuma biyowa ta Tsiga, wannan karon da akwati biyu. Sabbin alluran suna ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zani, ko wanka za ta shiga da su take shiga. Akwatin bara kuwa da kanta ta buɗe shi ta miƙa wa Inna, ta zauna kusa da ita a bakin ƙofa tana nuna mata su da yatsa, har Inna ta gama tofa wa kowace ɗaya.