Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A shekarun da kuɗin mai suka fara leƙowa aljihun ƙananan ma'aikata, ina koyar da aji bakwai a wata firamare a Jibiya. Aka yi mana ƙarin albashi, kowa ya ruga ya sayi keke. Ni ma na sayi nawa, baƙi wul, na ƙi cire takardar da aka naɗe ƙarfensa da ita don kada a zaci na hannu ne. Rabinmu ba mu gama iya hawa ba. Ga manyan motoci daga Maraɗi, ga jakuna, ga mu sababbin shiga muna tangaɗi a tsakiyar titi. Ba a mako ba a kwashi wani a hanyar kan iyaka ba.

Sai hedimasta ya ce in tura 'yan ajina cikin gari su yi wa masu keke tambayoyi, mu ga inda gizo ke saƙa. Ni na tsara tambayoyin, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Kowane yaro ya kwafa daga allo. Hedimasta ya ƙara da sharaɗi: duk wanda ya zauna a gida ya ƙago amsa, za a kira sunansa a taron safiyar Litinin, ya sha bulala a gaban kowa.

Ranar Laraba takardu suka dawo, na zauna ƙarƙashin darbejiya da jan biro ina yi musu gyara. Wani ya tambayi babansa sau biyar, na rubuta masa, "Garin nan ba babanka kaɗai ke ciki ba." Wani daga Daddara ya kawo labarin mutumin da ke tsai da keke da diddigen takalmi, na yaba masa. Ina cikin nishaɗi na kai kan takardar yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, wata siririya mai zama a gaba, wadda ko tambaya ban gama ba hannunta na sama.

Awa nawa kake yi a kan keke? "Daga hantsi har la'asar, ba na sauka sai salla." Ina kake zuwa? "Ba na zuwa ko'ina." Ka taɓa jin ciwo? "Sau da yawa, a yatsa." Kana kunna fitila? "I, ina aza ta kan taga." Kana yin goyo? "Kullum da goyo nake takawa, in ya yi kuka in sauka in ba shi nono." Me ka fi tsoro a kan keke? "Jajibirin salla."

Raina ya ɓaci, don na ɗauka ni take yi wa shaƙiyanci. Yawancin waɗanda ta ce ta tambaya ma matan aure ne. Matan aure a kan keke, a Jibiya? Na rubuta da manyan baƙaƙe, "Ƙarya ce. A ɗaki kika zauna kika ƙaga." Na miƙa sunanta ofis. Da na ba ta takardar ta karanta, ta ninke, ta koma wurin zamanta. Ranar Alhamis na yi ta jefa tambayoyi a aji, hannunta bai ɗaga ba ko sau ɗaya.

Ranar Juma'a, ina dawowa daga masallaci ina ta kaɗa ƙararrawa don a san da ni, sarƙa ta cafke ƙafar wandona. Na yi ƙasa, wando ya tsage har gwiwa. Na tura keken ina ɗingishi zuwa rumfar wani tela, dattijo mutumin Maraɗi. Shi malamin makaranta "mushe" yake ce masa, kamar yadda suke faɗa a can da Faransanci, kuma duk ranar da ya kira ni haka sai na duba jikina.

Ya ba ni zane na ɗaura, ya hau kekensa ya fara takawa.

"Mushe, kai ka aiko ɗiyar maƙwabcina da tambayoyi ko? Shekara talatin ina bisa keken ga, ba wanda ya taɓa tambayata ina ka yi mani ciwo sai ita. Na gwada mata yatsan ga, duba inda allura ta hude shi."

Na dubi yatsan, na dubi ƙafarsa tana taka keken ɗinki.

"Baba, su wa kuma ta tambaya?"

"Matan unguwa mana. Yanzu wane gida na babu keke? Ko so kake ɗiya mace ta tsaya bakin hanya tana tare maza?"

A duk tambayoyina babu inda na ce keken hawa. Keke kawai na rubuta. Ta shiga gida gida, ta rubuta abin da aka faɗa mata tiryan-tiryan, kuma a ajin kaf babu wanda ya kai ta yawan mutane.

Da wandon ya haɗu na wuce gidan hedimasta. Ya yi dariya har hularsa ta zame, ya soke sunan, ya ce bulalar dai tana nan in ina so. Ni dariyar ba ta zo mini ba, kunya ce ta ishe ni.

Litinin da safe na kira ta bakin aji. Na ce na yi kuskure, aikinta ya fi na kowa, ta kawo takardar in gyara. Na zaci za ta yi murna.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, yayana ya riga ya karanta ma baba. Shi kuma baba bai iya boko ba. Ko ka sake rubutu, cewa zai yi ni na sa aka karanta mashi daɗin baki."

Bayan la'asar na bi ta har gida, ina tura keke. Babanta ɗan dako ne a tashar kan iyaka. Na same shi a ƙofar gida yana wanke ƙafa, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a daƙile, bai ba ni tabarma ba. Na kwashe labari na faɗa masa, tun daga allo har rumfar tela, na ce 'yarsa ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban iya tambaya ba.

Ya gama wanke ƙafarsa. Sannan ya ajiye butar, ya nuna zanan da ya raba zaure da cikin gida.

"Malam, sake hwaɗi, ka ɗaga murya. Uwatta na nan baya, kwana huɗu ba ta fita unguwa ba don kunya."

Na miƙe tsaye, na fuskanci zana, na sake faɗa da ƙarfi kamar ina gaban aji.