Reshen da Araceli Ba Ta Tafi da Shi Ba

Tukwanen fure ɗari biyu da 'yan kai ne rataye a bangon tsakar gidan, kuma babu wadda Fuensanta ba ta san mai ita ba. Da can iyali goma sha ɗaya ne a gidan, rijiya ɗaya, murhu ɗaya, a tsohuwar unguwa ta birnin Kordoba. Mutuwa ta ɗebi wasu, wasu kuma sababbin benaye na bayan gari suka janye su. Kowa ya tafi ya bar tukwanensa, ita kuwa ta ci gaba da ban ruwa. Yanzu daga ita sai Acisclo, tsohon maƙerin azurfa, wanda bakinsa ya fi ƙafafunsa lafiya.

Kullum da la'asar takan ɗauko doguwar gora mai gwangwani ɗaure a kai, ta cika, ta ɗaga, ta tuntsurar a tukunya, ta sauke. Sa'a biyu cur. Bana kafaɗa ta ce ta gaji. Ɗanta ya ce ƙarshen wata zai ɗauke ta zuwa gidansa, hawa na shida, inda taga ba ta ganin rana.

Tukunya ɗaya ce ba a rataye ba, tana zaune a bakin rijiya. Gitaniya ce, jan furen nan mai zubo rassa kamar gashi. Ta mahaifiyarsu ce, reshe daga reshe Fuensanta take sabunta ta.

Kowace mace a garin ta san dashen kyauta ba ya kamawa. In kina son fure sai dai ki sata, mai shi kuma, in mutuniyar kirki ce, ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu. Shekara hamsin da takwas da suka wuce, ƙanwarta Araceli ta tsaya a bakin rijiyar nan da akwati a hannu. Za ta bi mijinta Liyej, can Beljiyam, inda ake haƙar kwal. Ko wata biyu ba a yi da binne mahaifiyarsu ba, ga uba a kwance, kuma Fuensanta aka bar wa shi. Araceli ta miƙa hannu kusa da furen, tana jiran yayarta ta kau da kai. Fuensanta ta kafa mata ido, ko ƙiftawa. Haka suka tsaya har mota ta yi ƙaho a waje, Araceli ta tafi ba ko reshe. Bayan shekara huɗu wasiƙa ta zo: ciwon ƙirji, an riga an binne ta.

Tun daga nan, da tsakar rana in gari ya yi tsit kowa yana bacci, Fuensanta takan ji takun takalmi irin na Araceli daga zaure har bakin rijiya. Sai ya tsaya. Takan yi maza ta juya baya, ta ƙura wa bango ido har wuyanta ya ƙage. Ba ta taɓa jin an karya komai ba.

Ranar Talata baƙuwa ta sauka a ɗakin zaure, wanda ɗan Fuensanta yake ba matafiya haya. Ita kaɗai, jaka a baya, kwana uku za ta yi. Sunanta Odile. Doguwa ce fara, ko kusa ba ta yi kama da Araceli ba. Ba ta da yawan magana, harshen garin ma na makaranta ne a bakinta.

"Ke kaɗai, 'yan mata?" in ji Acisclo daga kujerarsa. "Ina mijin? Ko kin sayar kin yi kuɗin jirgi?"

"Ba a taya ba, Baba."

"Kin ji ko, Fuensanta? Irinki ce. Daga ina?"

"Liyej."

Gwangwanin ya tuntsure tun bai kai tukunya ba, ruwa ya wanke wa Fuensanta fuska.

Da Fuensanta ta kai wa baƙuwar miyar tumatir mai sanyi da yamma, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanen aikinta. "'Yata, ko kin taɓa jin sunan Araceli Baena a garinku? Ƙanwata ce. Tana maƙabartar da ke bayan ramin kwal."

"Garin da girma, Iya. An ma rufe ramukan tun ba a haife ni ba." Amma ta ɗauko alƙalami ta rubuta sunan a bayan tikitin jirginta.

Kwana biyu baƙuwar tana fita da sassafe, ta dawo da rana ƙafa a kumbure, ta zauna a bakin rijiya. Furen nan take kallo, hannu a cinya kamar mai jiran likita. Fuensanta ta gwada shiga ɗaki ta daɗe. Ta gwada zuwa sayen burodin da ba ta buƙata. In ta dawo sai ta ƙirga rassan, ta tarar suna nan cif. Faɗa mata kuwa ba zai yiwu ba, don abin da ka ce a ɗauka ya zama kyauta.

Acisclo ya san labarin, yana yaro aka yi a gabansa. Ranar Alhamis ya ɗaga murya kamar mai talla. "'Yan mata, kallo ba ya dasa fure! A garin nan ba a roƙo, ba a godiya. Karyawa ake yi a soke a aljihu. Duk abin da kike gani a bangon nan kayan sata ne, ga shugabar ɓarayin can riƙe da gora."

Odile ta yi ja har kunne. "Ni ban taɓa sata ba."

"Shi ya sa kika rame."

Dole mai fure ta nuna ba da yawunta ba. Fuensanta ta buɗe baki don ta ɗan yi faɗan wasa, sai wata murya ta fito, ta shekarun baya, mai kaifi: "Duk wanda ya taɓa furen uwata sai na karya masa hannu!"

Odile ta tashi ta ba da haƙuri, ta shige ɗaki.

"Kai, tsohuwar nan," in ji Acisclo a hankali. "Sau biyu ke nan."

Ranar nan da tsakar rana takun bai zo ba. Fuensanta ta zauna a bakin gado tana saurare har ƙararrawar coci ta buga biyar. Rashinsa ya fi zuwansa tsoratar da ita.

Jumma'a da hantsi Odile ta fito da jaka a baya. Ta yi wa Acisclo sallama, ta zo bakin rijiya ta tsaya, daidai inda akwatin nan ya taɓa tsayawa. "Iya, zan tafi. Ki yafe mini in na ɓata miki."

Fuensanta ta dube ta. Ta ci gaba da dubanta, tana roƙo da ido. Sai da mota ta yi ƙaho a waje sannan ta farga: kallon nan ne dai, irin na wancan karon.

"Ho, wannan guga!" ta ce. "Kullum sai igiya ta sarƙe."

Ta juya ta kifa cikinta a bakin rijiya, ta leƙa. Can ƙasa ga wata tsohuwa tana kallonta daga cikin ruwa. Ta saki igiya a hankali, ta janyo, ta sake saki. Acisclo ya kama tari na ƙarya, yana kallon sama. Motar ta sake ƙaho.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinke. Takun takalmi ya bi ta kan duwatsu, daga rijiya zuwa zaure, da sauri-sauri. Ƙofa ta rufe.

Fuensanta ba ta ɗago ba sai da ƙarar motar ta ɓace. A gefen tukunyar, wajen da ya fi ganye, ga gurbin reshe ɗaya, ɗanye, yana tsattsafo da ruwa. Ta ɗora yatsa a kai.

"An yi miki sata, Fuensanta," in ji Acisclo. "In kira 'yan sanda?"

"Rufe bakinka, tsohon banza. Miƙo mini gorar."