Sawun Yatsuna a Tubalin Baba

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya ɗauke ni daga Aljirif, unguwarmu ta bakin kogin Nilu, muka tsallaka gada zuwa Omdurman, hannuna na dama rataye a wuya da tsohon ɗankwalin Inna. Bayan an sauko daga masallaci Kawu Haruna, ƙanen Inna, wanda yake dako a babbar kasuwa, ya ja mu ta lungun maƙera har rumfar wani mai walda da ake ce wa Usta Babikir. Samari sun cika wurin maƙil, masu dako da 'yan kokawa, kowa ya naɗe hannun riga. A jikin bango akwai ƙusa uku, kowace an rataya mata wani ƙarfe mai mariƙi biyu da sifirin ya haɗa su a sama, Usta ne ya ƙera su da kansa daga tarkacen mota. Wasan shi ne ka matse mariƙan da hannu ɗaya har su haɗu su ce ƙas. Mai laushin suna kiransa Ɗan Akuya, na tsakiya Jaki, na ƙarshe Raƙumi. Kawu ya rufe Jaki yana murmushi, ya ɗauko Raƙumi, ya cije, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ratar da ta rage ko babban yatsa zai shige. Ya jefar da shi a kan tebur yana cewa gumi ne ya cuce shi. Baba kuwa, gajere, siriri, ƙafafu duk faso saboda laka, bai san wanne ne wanne ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi, ya matse, ƙas! Ya saki, ya sake matsewa, ƙas! Sannan ya dubi mai rumfar ya ce, "Usta, babu wanda ya fi wannan laushi? Na yarinya nake nema."

Samari suka zagaye Baba. Usta Babikir ya ture baƙin tabaransa sama, ya kama hannun Baba yana juya shi kamar zai saya. "Ya zol," in ji shi da Larabci, wato bawan Allah, "ka san abin da ka rufe? Tun da na rataye shi a nan ban ga wanda ya yi ba." Baba ya ji kunya, ya ba da haƙuri, ya zaci ɓarna ya yi. Ni kuwa na tsaya baki buɗe ina kallon hannun nan. Hannun da ke ɓare mini gyaɗa, hannun da ke taɓa goshina in zazzaɓi ya kama ni, ashe abin da ke ɓoye a cikinsa ke nan! Tsoro da alfahari suka cika ni lokaci guda, har na manta abin da ya kawo mu.

Abin da ya kawo mu shi ne hannuna. Mu asalinmu mutanen yankin Jazira ne, kakannina auduga suka tsinta, Baba ne ya dawo da mu bakin kogi yana buga tubali. Idan ruwan Nilu ya ja baya ya bar baƙar laka, sai a haƙa rami a kwaɓa ta da busasshen kashin shanu, a bar ta ta kwana. Tun asuba Baba yake durƙushe, ya yanko laka da yatsunsa, ya maka ta a akwatin katako, ya share, ya kife, haka har rana ta take. Da la'asar ya bi layi yana ɗaga busassu, bibbiyu a kowane hannu, a jera su a kamina, wato tudun da ake cinna wa wuta su zama ja. Mu yara aikinmu kai abinci da korar awaki kada su taka ɗanye, wasanmu kuma hawan karo, wato amalanken jaki da ke kwasar tubali. An hana mu ya fi a ƙirga, amma ni kunnen ƙashi gare ni. Wata rana jaki ya zabura, na faɗo a kan hannu, wuyan hannun ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi da karare kwana arba'in. Da aka kwance ƙashi ya haɗu sumul, sai dai hannun ya motse, yatsun sun sandare a buɗe, ba sa dunƙulewa. Fensir in na riƙe sai ya zame. Loma ma ba na iya yi, ga Kaka ba ta yarda a ci da hagu a gabanta, sai Inna ta riƙa ba ni a baki kamar jaririya. Malamarmu ta ce saura wata uku jarrabawa, wanda bai rubuta ba ba zai wuce ba. Na ji Inna tana ce wa Baba in hannun bai dawo ba gara in zauna gida, da in je yara su mai da ni abin dariya. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, amma ni da na fi son makaranta a kan nama na yi kuka har idona ya kumbura.

Kawu Haruna ne ya kawo shawarar ƙarfen Usta, shi da ba a rasa magani a bakinsa. Da hayaniya ta lafa Usta ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya, ya sauko da ƙarafan duka ya jera. Mutum ne mai son bayani. Ya nuna mana cewa ba a gane taurinsu da ido: Jaki da Raƙumi kusan girmansu ɗaya, amma wayar Raƙumi ta ɗara kauri kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ita ce tsakanin dariya da kuka. Ya ce tsawon mariƙi ma yana da nasa, dogo ya fi sauƙi, gajere ya fi cin rai. In mariƙan sun buɗe da yawa ƙaramin hannu ba zai ma kama ba, balle ya matsa, in kuma suna da santsi rabin ƙarfinka a riƙo zai tafi. Ya sa mini Ɗan Akuya a tafi. Yatsuna da ƙyar suka taɓo ɗaya mariƙin. Na matsa iya ƙarfina, har na rufe ido, ko gezau. Kawu ya ce a bar ni da shi in yi ta fama, ai da wuya ake ƙarfi. Usta ya ce aro ne, mu tafi da shi, mutumin da ya rufe Raƙumi ba a hana shi komai. Baba ya yi godiya ya sa a aljihu, muka kamo hanyar gida.

Da muka iso sai ya rataye ƙarfen can saman rumfar gidanmu, inda ko da tsalle ba zan kai ba. Washegari ya dawo daga kogi da ƙwarya cike da laka mai ruwa-ruwa, wadda ko ba a matsa ba za ta bi ta tsakanin yatsu. Ya ce in tsoma hannu in dama, safe da yamma. Raina ya ɓaci ƙwarai. A kai ni har Omdurman, in ga ƙarfe mai suna, sannan a dawo da ni wasan laka kamar 'yar yaye? Na yi kwana huɗu ina damawa ina zumɓura baki. A rana ta biyar Inna tana can madafa tana yin kisra, wainar dawa mai faɗi, na jawo gado na ɗora turmi, na sauko da Ɗan Akuya. Na matsa da hannu, na taimaka da gwiwa, na danna da ɗaya hannun a kai, har na ji wani abu ya tsarga mini daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Kafin magariba hannun ya kumbura suntum, ɗan motsin da yatsun suka fara yi ma ya tsaya.

Na sha jinin jikina, na ɗauka yau zan ɗanɗana hannun da ya rufe Raƙumi. Baba ya duba kumburin, ya ɗauki ƙarfen ya mayar inda yake. Da gari ya waye ya kai ni bayan kamina, wurin da ake zubar da fasassun tubali, ya ɗauko wani da ya tsage gida biyu ya ba ni. "Wannan lakarsa ba ta da laifi," ya ce. "Gaggawa aka yi, aka sa masa wuta bai bushe ba." Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma ya fi mini bulala zafi. Sati biyu suka tafi a banza kafin kumburin ya saɓe, ina kwance ina lissafin kwanakin jarrabawa da yatsun hagu.

Daga nan na miƙa wuya. Sai a lokacin na gane Baba ma yana da nasa Ɗan Akuya da Jaki da Raƙumi, sai dai nasa sun fi na Usta yawa, kuma tsakanin wani da wani taki ɗaya ne kawai. Daga laka mai ruwa ya koma wadda aka tsane, daga ita sai wadda aka kwaɓa da kashin shanu, sai curin da ya sha iska rabin yini a inuwa, sai wanda ya kwana. Da ɗan yatsa yake taɓawa ya san wadda ta dace da ni, kuma bai taɓa ba ni wadda ta fi ƙarfina ba sai da kaɗan. Inna ma ta shigo ciki, ta ba ni matsar lemon tsami, daga baya matsar tsumma, daga baya wankin ɗankwali. Kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci Baba zai buga tubali guda, ya ce in kama shi in matsa iya ƙarfina, ya ajiye shi daban a gasa. Na farko sai ka karkata shi a rana kafin ka ga sawun. Na uku kurciya za ta iya shan ruwa a ciki, in ji Kaka, ita da ba ta yabo. Ya jera su a gindin bango, duk ranar da na karaya sai ya nuna mini su da haɓa. Ranar da na dunƙula lomar farko da kaina Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Saura kwana tara jarrabawa ya sauko da Ɗan Akuya, ya naɗe mariƙan da tsumma don kada su zame. Ban rufe shi ba, kada in yi ƙarya, amma ya motsa, na ji sifirin ya yi ƙara a tafina. Baba ya ce ya isa, fensir bai kai haka tauri ba. Na rubuta jarrabawar, rubutun kamar tonon kaza, ina hutawa bayan kowane layi, amma na wuce. Sai bayan wata biyu na ji ƙas ɗina na farko, muka mayar wa Usta kayansa. Samari suka yi ta roƙon Baba ya sake rufe Raƙumi su gani, ya ce shi ba wasa ya zo ba. Tubalan nan kuwa ya gina wa Inna murhu da su, sawun yana kallon waje.

Yau a unguwar Kalakla muke, murhun yana can a tsohon gidanmu da yanzu ba namu ba, ni kuma da wannan hannun nake rubutu a allo gaban yara. Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Likita ta ce a samo masa abin motsa yatsu, na shiga wani shago na tarar da su reras a leda, masu launi-launi, wasu na roba, wasu da abin murɗawa a ƙara tauri, kowane da lamba a jiki. Na gwada biyu masu lamba ɗaya, taurinsu ya sha bamban, na tuna Usta Babikir na yi dariya ni kaɗai. Mai shagon ya tambaye ni wane nake so, na ji bakina yana cewa, "Babu wanda ya fi wannan laushi?" Na kawo gida na sa wa Baba a tafi. Ya dube shi, ya matsa, ko gezau, ya kau da kai wajen bango. Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan kau da kan ba. Na karɓe na ɗora a saman kwaba, na ɗauki kwano na gangara bakin kogi. Da na dawo na ɗora masa curin laka mai taushi a hannu, na naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana fama, goshinsa ya yi gumi. Da na ɗaga sai na karkata curin a hasken taga kafin na ga wurare huɗu da suka ɗan lotsa. Ya kalle su, ya kalle ni, da harshensa da ya yi nauyi ya ce, "Ajiye wannan, Safiya. Mu gani ran Juma'a." Na ajiye shi a gindin bango, na bar wuri a gefensa.