Malam Baƙo Saleh, Marubucin da Aka Raba da Haruffansa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Baƙo Saleh a birnin Zariya cikin shekarar 1957. Mahaifinsa, Malam Saleh, mai zayyanar allo ne, sunan mahaifiyarsa Turai. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya kammala firamare a 1971, sa'an nan aka kai shi Kaduna wurin Malam Jacob, mai rubuta allunan shaguna, inda ya shekara bakwai.

A can ya fara datse bakin burushi a karkace, yadda mahaifinsa ke fiƙe alƙalami, sai haruffan bokonsa suka fito da kauri da wutsiya irin ta ajami. A can kuma ya haddace aƙidar maigidansa cewa allo na mai shago ne, rashin kunya ne marubuci ya maƙala sunansa a kai. Wannan ladabin ne ya cuce shi daga baya.

Aure da Sana'a

Ya auri Malama Umma a 1985, kuma a 1991 ya koma Abuja, ya kafa rumfa a Dutse Alhaji. Kusan shekara talatin, da wuya a sami mai kemis, tela ko mai tireda daga hanyar Bwari har Lugbe da bai rataya rubutunsa ba. Ko daga cikin bas ana gane hannunsa, amma ko allo guda bai taɓa sa wa suna ba.

Zaluncin da Aka Yi Masa

A shekarar 2018 wani mai kamfanin zane a Maitama, Tawfiq, ya yi kwana uku a rumfar da sunan neman ilimi. Malam ya shimfiɗa masa tabarma, ya rubuta masa haruffa daga farko har ƙarshe, shi kuwa yana ta ɗaukar hoto. Shekara ba ta zagayo ba sai ga haruffan a kwamfuta, an raɗa musu suna "Maitama", unguwar da Malam bai taɓa rubuta ko lambar gida a cikinta ba. Aka karrama Tawfiq a matsayin wanda ya ƙirƙiro su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Malam bai nemi komai ba illa a ambaci sunansa. Sau huɗu yana zuwa kamfanin, maigadi na cewa oga ba ya nan. A na biyar Tawfiq ya fito, ko kujera bai ba dattijon ba, ya ce, "Baba, sai da evidence. Nuna min allo ɗaya mai sunanka." Malam bai da abin nunawa. Wallahi abin da ciwo, a ce kunyar mutum ita ce hujjar ɓarawonsa.

Rasuwa

Daga nan ya jingine burushi, masu shaguna suka koma buga haruffansa a inji. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, yana da shekara sittin da shida, aka yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Dutse Alhaji. Allah ya jiƙansa, ya bi masa haƙƙinsa.

Ya bar matarsa Umma da 'ya'ya huɗu: Hanif, Nabilah, Amir, da babbarsu Surayya, wadda ta ɗauko datsattsen burushinsa ta rubuta ɗan allon ƙarfen da aka kafa a kabarinsa. Shi ne allo na farko da sunan Baƙo Saleh ya fito a kai da haruffansa.