Shimfiɗa ta Takwas

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a aka kai mu tsaunukan arewa maso gabas, mu auna shimfiɗun dutsen da suka taru tun wurin yana ƙarƙashin teku. Mu huɗu ne a rukuninmu. Ni aka ba riƙon littafi, tunda ba ni da surutu. Sauran suna ta ɗaukar hoto a gindin tsauni, ni ina hawa da tef ɗin awo.

Shimfiɗa takwas na ƙirga. Ta takwas tana can sama, siririya, baƙa, cike da ɓawon katantanwar teku. Da irin wannan ɓawo ake gane shekarun dutse, kuma nata ya nuna saman tsaunin bai kai tsufan da ake faɗa ba.

Da muka dawo Kano sai muka haɗu a Sabon Gari, a shagon wata Madam mai buga takardu. Shugaban rukuninmu ya zo da rahoton ɗaliban da suka je wurin bara. Shimfiɗa bakwai suka rubuta.

Ya ce, "Madam, sunaye kawai za ki canja."

Na ce, "Takwas ne."

"Ikon Allah, ashe tana magana! Malama, bakwai Malam ya sani, bakwai ya ba maki bara. Jibi za a rufe karɓa. Wanda ba sunansa a rahoton rukuni, sai ya maimaita shekara."

"Da hannuna na taɓa ta."

"To ɗauko tsaunin ki kai masa ofis."

Suka kwashe da dariya. Madam ta dube ni ta saman tabarau. "'Yata, wanne zan buga? Mutane na jira."

Na ce, "Buga nasu. Ki cire sunana."

Da ƙafa na koma gida Fagge, ban ma san na wuce mahaɗar Bata ba. Kwana biyu ina durƙushe a tabarmar Inna da rula da fensir, ina zana shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya, kowace da kaurinta. Inna ta ce ko mai ɗinkin hula bai kai ni ƙwaƙƙwafi ba.

Da na kai ofis, Malam ya daɗe yana juya takardun. "Ina rukuninki?"

"Ni kaɗai ce, Malam."

"Kin fi 'yan bara ido ke nan?"

"A'a, Malam. Na dai hau har sama."

Ya karɓa. Da sakamako ya fito, su ukun sun fi ni maki, ni da ƙyar na haye. Ban je roƙon kowa ba.