Hatimin da Na Ɓoye wa Yaya Fumiyo

Ran Talata na kifar da miyar miso a cinyata. Muna cin abincin rana yayata Fumiyo ta lumshe ido, na kama wuyan hannunta, na ji shiru. Na zabura, kwano ya biyo ni.

"Shekara huɗu ba ni da bugun jini, Tetsuji," in ji ta, ko ido ba ta buɗe ba. "Kai ne fa ka ci jarrabawar masu jinya."

Na ci kam, a zama na uku. Famfon da aka dasa mata a ƙirji ba ya bugawa, tura jini kawai yake kamar injin ban ruwa, wayarsa ta fito ta cikinta zuwa jakar batir. Asibiti ba sa sallamar mai famfo sai da wanda zai zauna inda zai ji ƙararrawar famfon. Mijinta ya saurara wata shida, sai ya tuna yana da uwa a garin Akita, ya tafi. Aka ɗauko ni, tuzurun gidan.

Shekara talatin Yaya na riƙe da gidan wankan unguwarmu. Da gwiwar hannu take auna zafin ruwa, ba ta taɓa ƙona tsoho ba. Yanzu saboda wayar nan ba ta isa ta shiga ruwa ba. Gidan ma an rushe, motoci ke kwana a wurin.

Amma ba famfon ne ya ishe ta ba. Akwai wata na'ura a ƙarƙashin fatar kafaɗarta, da zuciya ta rikice ta kama rawa sai ta ɗirka mata lantarki. Wasu kan suma kafin dukan. Ita famfo ba ya barinta ta suma, ido biyu take sha. Sau biyu likitoci suna ƙona inda rikicin ke tashi, yana dawowa. Watan jiya na'urar ta doke ta sau bakwai a yini guda, har ta datse harshe.

Likita ya ce ana iya kashe dukan. Famfo zai iya riƙe ta na ɗan lokaci, in mai jinya ya lura da rikicin da wuri ya kawo ta asibiti. Ya dube ni. Yaya ta buga hatiminta na sa hannu a takardar amincewa nan take, saura hatimina. Na ce ya ɓata. Ran Talatar nan kwana tara ke nan.

Ina goge wando na ce, "Yaya, dubi yadda na yi da miya. Ni za ki danƙa wa ranki? Ki bar abin nan mana, mutane nawa ke da lantarkinsu na kansu?"

Sai a lokacin ta buɗe ido.

"Ba mutuwata kake tsoro ba, auta. Tsoron kake a ce a hannunka na tafi. Shi ya sa ni ake duka, kai kana ba da dariya. Canza wando, ka tono hatimin a buhun shinkafa. Da ƙarfe uku likita ke jiranmu."