Matan da Sa'adiyya Ta Saurara

Sa'adiyya Lado 'yar Jibiya ce, mahaifinta direban tirela ne mai kai kaya Maraɗi. Ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta dawo gida tana koyarwa a makarantar 'yan mata, daga baya ta shiga digiri na biyu. Bincikenta a kan firgita da rashin barci ne a wurin matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Bugaje da Riko.

Malamar da ke duba aikinta, Dakta Maimuna, ita ta koya mata sauraro. "Kina saurin lallashi," in ji ta. "Ki bar mace ta kai ƙarshen maganarta, ko da kuka ne."

Tsarin binciken shi ne Sa'adiyya ta zauna da mata sittin sau biyu, wata shida tsakani. Ta gama zaman farko. Kafin na biyu, talatin da bakwai sun bi danginsu zuwa Ɗan Isa, cikin Nijar. Sai aka rufe iyaka a daminar 2023.

Sau huɗu tana zuwa Magama, bakin shinge, da wasiƙar jami'a a hannu, ana maido ta. 'Yan acaɓa suka ce za su bi da ita ta daji, mahaifinta ya ce bai yarda ba. Ta gwada waya, amma wayoyin na mazaje ne. Mace ba ta faɗin abin da ya same ta mijinta na tsaye.

Ana cikin haka Dakta Maimuna ta samu aiki a ƙasar waje. Aka haɗa Sa'adiyya da Dakta Yusha'u, mutumin kirki amma mai gaggawa.

"Mata ashirin da uku ba su isa ba," ya ce. "Ki koma kan tsoron jarrabawa a makarantarku. Wata uku kin gama."

Ta ce za ta yi tunani. Ta yi watanni tana tunanin.

Matan da suka rage kuwa ba su daina zuwa gidan su Sa'adiyya ba. Wata tsohuwa, Hasiya, ta tambaye ta, "Ɗiyata, ciwon nan namu yana da suna?"

"Yana da suna, Inna."

"Magani hwa?"

 Sa'adiyya ba likita ba ce, likitan irin wannan ciwo yana Katsina, matan kuma ba mai zuwa can.

Da hanya ta buɗe, ta ƙetara. Mata tara ta samu, sauran sun watse. Wa'adin karatunta saura wata biyar. Ta raba wa ɗalibanta takardun tambayoyi, ta rubuta abin da Dakta Yusha'u ya ce, aka ba ta digiri.

Muryoyin matan sittin da ta naɗa a zaman farko suna cikin tsohuwar wayarta. Izinin da suka bayar na wancan binciken ne kaɗai, don haka ba ta iya amfani da su, ta kuma kasa gogewa. Ta rubuta wa malamai uku tana neman mai karɓarta a digiri na uku. Ɗaya ya amsa, ya ce ta tuntuɓe shi baɗi.